RA'AYINMU: Ina Ɓarakar Take? Darasi Daga Tambayar Jarrabawa Kan Halatta Kayan Maye

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya karrama ɗan Adam da hankali, Ya sanya shi sharaɗin ɗora nauyin shari'a, Ya kuma haramta duk abin da yake gusar da shi. Tsira da amincin Allah su tabbata ga cikamakin Annabawa, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a ƙasashen Amurka da Kanada akwai wata jarrabawa da ake kira LSAT, wadda mafi yawan masu neman shiga makarantun koyon aikin lauya suke zaunawa kafin a karɓe su. Ba a tambayar ɗalibi a cikinta sashe na nawa ne na tsarin mulki ya ce kaza, ko a wace shekara aka yanke hukuncin kaza. Abin da ake aunawa shi ne basirarsa wajen rarrabe hujja lafiyayya da gurguwa. Tun daga watan Agusta na 2024, biyu daga cikin sassa uku da ake ba da maki a kansu na wannan fanni ne. Akan kawo gajeriyar maganar wani mai kafa hujja, a jero amsoshi biyar a ƙarƙashinta, sannan a ce wa ɗalibi ya zaɓi wadda ta fi bayyana inda hujjar ta karye. Batun halatta miyagun ƙwayoyi yana daga cikin batutuwan da suka fi dacewa da irin wannan gwaji, domin batu ne da kowa yake da ra'ayi a kansa tun kafin ya karanta tambayar, ra'ayi kuwa idan ya riga nazari zuwa yakan rufe ido.

Mun ga dacewar mu keɓe sharhinmu na wannan wata ga wannan mas'ala, saboda hujjojin da ake ba ɗalibai a can su warware a ɗakin jarrabawa, su ne dai suke shigowa gidajenmu ta rediyo da wayar hannu, su ne kuma ake maimaitawa a zaurukan majalisu, alhali yawancin 'ya'yanmu ba a koya musu yadda ake kwance su ba.

Ga siffar irin wannan tambaya, mu muka tsara ta domin misali. Wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce: "Shekara hamsin ke nan muna hana sayar da miyagun ƙwayoyi, amma har yau ana sayarwa, ana sha. Ke nan dokar hanin ba ta da wani amfani. Saboda haka a soke ta, babu abin da za mu yi hasara." Sai a ce: wace amsa ce ta fi nuna aibin wannan hujja?

1. Bai ambaci illar da ƙwayoyi suke yi wa lafiyar ɗan Adam ba.
2. Ya ɗauka cewa dokar da ba ta kawar da abu gaba ɗaya ba, to ba ta rage shi ba ko kaɗan.
3. Ya soki mutuncin masu goyon bayan dokar maimakon ya amsa hujjarsu.
4. Ya dogara da ra'ayin mafi yawan jama'a.
5. Wataƙila yana da hannun jari a kamfanin da zai ci riba idan an soke dokar.

Idan aka miƙa wannan takarda ga ɗaliban makarantunmu, muna tsoron kada da yawa su ruga ga amsa ta farko, domin gaskiya ce, kuma ta dace da abin da ke zuciyarsu. Wasu kuma za su zaɓi ta biyar, domin tana sanyaya rai. Dukkansu kuwa sun faɗi. Amsa ta farko magana ce sahihiya, sai dai ba ta taɓa hujjar ba, domin ɗan majalisar bai ce ƙwaya ba ta da illa ba. Cewa ya yi dokar ba ta aiki. Amsa ta biyar zato ce a kan mai magana, kuma ko da ta tabbata, ba ta nuna inda maganar ta karkace ba, tun da mai son zuciya ma yana iya faɗin gaskiya. Ta uku da ta huɗu aibobi ne sanannu a wajen masu jayayya, amma shi wannan mutum bai aikata ko ɗaya daga cikinsu ba. Amsar ita ce ta biyu.

Ta yaya ake gano ta? Mataki uku ne. Na farko, a ware da'awa daga dalili. Da'awarsa ita ce dokar ba ta da amfani; dalilinsa shi ne har yanzu ana sha. Na biyu, a nemo muƙaddimar da ya ɓoye, wato gadar da ya taka ya haye daga dalili zuwa da'awa ba tare da ya nuna ta ba. Gadar a nan ita ce: amfanin doka ba ya tabbata sai ta kawar da laifi ƙurmus. Na uku, a ɗauki wannan gada a ɗora ta a wani rafin, a ga ko za ta ɗauki kaya. Tun zamanin 'ya'yan Annabi Adamu ake kisan kai, kuma babu al'ummar da ta rabu da ɓarayi. Shin sai a soke haramcin kisa da sata? Babu mai hankalin da zai amsa da i. Ke nan gadar ruɓaɓɓiya ce. Abin da ya kamata a kwatanta shi ne yawan mashaya tare da doka da yawansu in babu doka, shi kuwa ya kwatanta halin da ake ciki da wata duniya da ba a taɓa gani ba, wadda babu mai laifi ko ɗaya a cikinta.

Idan ya dawo ya ce ai sata tana cutar da wani, shan ƙwaya kuwa mai sha kaɗai yake cutarwa, to a lura da kyau: ya saki hujjarsa ta farko ya kama wata sabuwa. Sai a tabbatar masa da faɗuwar ta farkon, sannan a juya ga ta biyun, a tambaye shi labarin matar mashayi da 'ya'yansa, da fasinjan direban da ya haɗiyi ƙwaya kafin ya kama hanya, da mai shagon da 'yan daba suka fasa.

Wataƙila wani ɗan'uwa ya ce, ai wannan manɗiƙi ne, kuma Shaihul Islami Ibnu Taimiyya, Allah Ya yi masa rahama, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum yana raddi ga ma'abota manɗiƙin Yunanawa. Haka ne, sai dai wanda ya karanta littafin ya san cewa da hujjojin hankali masu kaifi ya rushe su. Abin da ya yi inkari shi ne da'awarsu cewa ba a kaiwa ga sani na yaƙini sai ta hanyar ma'aunan da suka ƙaga. Auna dalili kuwa gadonmu ne tun kafin Turawa su san ɗakin jarrabawa. Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 204, ya shimfiɗa tushen usulul fiƙhi a cikin Risala. Malaman usulu bayansa sun buɗe babi na musamman a kan abubuwan da suke ɓata illar ƙiyasi, kamar a sami illar a wani wuri amma hukuncin bai biyo ta ba, ko a sami bambanci mai tasiri tsakanin asali da reshe. Sun kuma tsara ladubban bincike da munazara, suka bayyana abin da ya hau kan mai da'awa da abin da ya halatta ga mai musu.

Bal ma Alƙur'ani Mai Girma da kansa ya kawo mana gurguntattun hujjoji ya tona asirinsu. A aya ta 12 ta Suratul A'arafi an ba mu labarin ƙiyasin Iblis, wanda ya gina fifikonsa a kan asalin halittarsa, ya ɓoye muƙaddimar cewa asali shi ne ma'aunin daraja, kuma ra'ayi yana iya ture umarni. A aya ta 275 ta Suratul Baƙara an kawo masu cin riba da suka daidaita ta da ciniki don kawai ana samun ƙari a dukkansu, suka rufe ido daga abin da ya raba su. Musulmin da yake karanta waɗannan ayoyi dare da rana bai kamata a ce ɗalibin lauya na Amurka ya fi shi iya gane ɓarakar magana ba.

To, bari mu ɗauki wannan ma'auni mu auna da shi shubuhohin da masu kiran a halatta kayan maye suka fi yawan kawowa.

Shubuha ta farko ita ce labarin hana giya a Amurka. Suna cewa an haramta yin giya da sayar da ita daga 1920 zuwa 1933, sai gungun 'yan ta'adda irin su Al Capone na birnin Chicago suka kuɗance, a ƙarshe aka soke dokar. Don haka kowane hani makomarsa ke nan. Ba mu musun cewa miyagu sun yi arziki a wancan lokaci. Amma masu binciken tarihin sun nuna cewa shan giya ya ragu ƙwarai a shekarun farko, daga baya ya sake hawa, duk da haka bai kai matsayinsa na da ba a tsawon zamanin dokar. Ke nan ko a asalin da suke yin ƙiyasi a kansa, cewa dokar ba ta yi komai ba ba daidai ba ne. Sannan misali ɗaya ba ya gina ƙa'ida. Ga wani misalin da suke tsallakewa: Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, yadda mutanen Madina suka zubar da giyarsu a kan hanyoyi da jin sanarwar haramci, ba tare da ɗan sanda ko kurkuku ba. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta bayyana sirrin haka a ruwayar Bukhari, cewa an fara gina imani da ambaton aljanna da wuta kafin a saukar da halal da haram. A Amurka doka ce ta sauka a kan zukatan da ba su yarda da ita ba. A Madina kuwa zukata ne suka riga doka shiryawa. Wannan shi ne bambancin da ya ɓata ƙiyasin, kuma darasi ne ga hukumominmu: doka ba tare da tarbiyya ba rabin aiki ce.

Shubuha ta biyu ita ce ƙasar Fotugal. Suna cewa ta halatta ƙwayoyi a 2001, sai al'amura suka gyaru. A nan aibi biyu ne. Na farko, wasa da lafazi mai ɗaukar ma'anoni. Kalmar "halattawa" a bakinsu tana nufin abu uku mabambanta: amfani da wani sinadari a asibiti bisa umarnin likita, ɗauke hukuncin ɗauri daga kan mashayi, da kuma buɗe kasuwa a sayar wa kowane baligi. Sukan kafa dalili da na farko ko na biyu, su fitar da natija a kan na uku. Fotugal ba ta buɗe kasuwa ba. Fatauci yana nan a matsayin laifi, wanda kuma aka kama da abin da bai wuce na shan kwana goma ba akan tura shi gaban wani kwamiti da zai iya cin tararsa ko tura shi wajen magani. Aibi na biyu, jingina sakamako ga sababi ɗaya alhali sabubba sun taru. A daidai lokacin da aka sauya dokar ne ƙasar ta faɗaɗa cibiyoyin jinyar mashaya. Wa ya ce sauyin dokar ne kaɗai ya kawo sauƙin? Jihar Oregon ta Amurka ta jefa ƙuri'ar ɗauke hukunci daga mashaya a watan Nuwamba na 2020, amma a 2024 majalisar jihar ta maido da hukuncin. Ƙasar Tailan ta cire tabar wiwi daga jerin haramtattu a 2022, shaguna suka cika birane, sai a watan Yuni na 2025 ta koma ta shar'anta takardar likita. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Shubuha ta uku, suna cewa giya da taba sun fi ƙwaya kisa, ga shi kuwa doka ta ƙyale su. Alƙaluman da suke kawowa gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, ƙwayoyi kuwa kimanin dubu 600 a wannan shekarar. Amma me waɗannan alƙaluma suke nunawa? Abubuwa biyun da suka fi kisa su ne waɗanda ake sayarwa a fili, ake tallarsu, ake samunsu a kowace kusurwa. Adadin mamata yana bin adadin masu sha, adadin masu sha kuwa yana bin sauƙin samu. Hujjar tasu ta juyo ta sare su. Ban da haka, kasancewar an bar ɓarna ɗaya ba ya zama dalilin ƙara ta biyu. Wanda kura ta shiga garkensa ba ya buɗe wa damisa ƙofa don a yi adalci tsakaninsu. A wajen Musulmi kuwa muƙaddimar ta faɗi tun daga tushe, domin giya haramun ce ko da majalisun duniya duka sun yarje ta.

Shubuha ta huɗu, suna cewa halattawa za ta kashe kasuwar bayan fage, gwamnati ta sami haraji, a kuma tsabtace abin da ake sha. Muƙaddimar da aka ɓoye a nan ita ce cewa ɗan kasuwa mai lasisi ba ya cutarwa. Jihar California ta halatta wiwi a 2016, amma kasuwar bayan fage ba ta mutu ba, domin mai gudun haraji kullum ya fi araha. Annobar ƙwayoyin kashe zafi da ta addabi Amurka ta faro ne daga magani mai lasisi: kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin kasuwa a 1996, ya kuma amsa laifi a gaban shari'a a 2020 kan yadda ya tallata shi. Zuwa 2021 mutanen da suka mutu ta hanyar wuce kima wajen shan ƙwaya a ƙasar sun haura dubu 100 a shekara guda, mafi yawansu ta hanyar fentanil na bayan fage wanda ya gaji kasuwar da aka riga aka shuka. Tarihi ma ya riga ya ba da shaida. A 1839 jami'in daular Sin, Lin Zexu, ya lalata akwatunan ofiyom fiye da dubu 20 na fataken ƙasashen waje, sai Ingila ta ɗaura yaƙi, ta karɓe Hong Kong a 1842, kuma a 1858 aka mayar da shigo da ofiyom halattacce bisa biyan kuɗin fito. An sami haraji, an kuma sami al'ummar da ta daɗe tana fama da ciwon. Mu ma a nan gida ba sai an ba mu labari ba. Ruwan maganin tari mai kodin da ya lalata samari da 'yan mata har da matan aure a garuruwanmu, ba a ɓoye ake dafa shi a daji ba. Kamfanoni masu rajista ne suke yin sa, yana sulalewa daga hannun dillalai zuwa lunguna, har sai da Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayu na 2018, bayan binciken da BBC ta watsa. Mai sayar da kayan maye, da lasisi ko babu, ribarsa tana ga wanda ya kamu ya kasa bari.

Shubuha ta biyar ita ce ƙuntata zaɓi. Suna cewa ko dai a ci gaba da cika gidajen yari da matasa, ko kuma a halatta. Wa ya ce hanya biyu ce kaɗai? Ana iya tsananta wa mai fatauci, a bi sawun dukiyarsa, a toshe kafofin shigowa, a lokaci guda kuma a ɗauki wanda ya kamu a matsayin majinyacin da yake bukatar likita da malami da sana'a. Tausaya wa mashayi abu ne daban, halatta abin da ya halaka shi kuma abu ne daban.

Yanzu kuma sai mu juyo ga masu wa'azi da masu rubutu a cikin sahun da'awa, domin ma'aunin da muka auna wasu da shi ba ya canzawa idan aka zo kan na gida. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta wajabta adalci har ga wanda ake ƙi. Akwai mai hawa mumbari ya faɗi adadin da bai san inda ya samo shi ba. Akwai wanda da zarar an kawo shubuha sai ya ce mai maganar yaron Turawa ne, ya wuce, wato ya zaɓi amsa ta biyar ta jarrabawar nan. Akwai mai musun cewa a cikin waɗannan sinadarai akwai abin da likitoci suke amfani da shi, alhali kowa ya san da banju ake yi wa mutum tiyata, kuma malaman fiƙhu sun daɗe da halatta shi saboda lalura. Akwai kuma wanda zai ce duk mace-macen da aka yi a Oregon sauyin doka ne ya jawo su, ya manta cewa a daidai wannan lokaci ne fentanil ya mamaye yammacin Amurka. Wannan shi ne ainihin aibin da muka kama masu kafa hujja da Fotugal da shi.

Malaman usulu sun tabbatar da cewa rushewar wani dalili ba ta lizimta rushewar abin da aka kafa dalilin dominsa, tun da yana iya tsayuwa a kan wani dalilin. Amma saurayin da ke sauraro a sahun baya bai san wannan ƙa'ida ba. Idan ya koma gida ya duba wayarsa ya tarar adadin da malam ya faɗa ba shi da asali, ba adadin kaɗai zai jefar ba, har da hukuncin, wataƙila ma har da malamin. Gaskiya ba ta bukatar a tokare ta da ruɓaɓɓen itace. Haka kuma ƙa'idar tana aiki ta ɗaya ɓangaren: karya hujjar ɗan majalisar nan ba shi ne tabbatar da haramci ba. Haramcin yana da nasa ginshiƙan, kuma wajibi ne a koyar da su.

Ginshiƙi na farko nassi ne. An haramta giya daki-daki: aya ta 219 ta Baƙara, sannan ta 43 ta Nisa'i, sannan hani yankakke a ayoyi na 90 da 91 na Ma'ida. A lura cewa ayar Baƙara ta tabbatar da samuwar wasu amfanoni a cikin giya da caca, amma ta hukunta cewa zunubin ya rinjaya. Saboda haka duk wanda ya zo mana da jerin amfanonin wiwi, na haraji ne ko na aikin yi, bai zo da abin da Alƙur'ani bai riga ya auna ba. Tambayar ita ce wanne ya rinjayi wani. Hadisin Ibnu Umar a Sahihu Muslim kuma ya rataya hukuncin ga siffar sanya maye, ya shigar da kowane mai bugarwa ƙarƙashin sunan giya, don haka sabon suna ko sabuwar kwalba ba sa fitar da abu daga haramci. Lokacin da hashisha ta yaɗu a ƙasashen Musulmi, Ibnu Taimiyya ya tafi a kan cewa mai shan ta haddin giya ne a kansa, shi kuwa Imamul Ƙarafi na mazhabar Malikiyya, wanda ya rasu a 684, a cikin Alfuruƙ ya sanya ta cikin masu ɓata hankali, ya ce horon ta'aziri ne a kanta. Sun saɓa a kan nau'in hukunci, ba su saɓa a kan haramcin gusar da hankali da ita ba. Ginshiƙi na biyu manufofin shari'a ne, waɗanda Gazali da Shaɗibi suka yi bayaninsu: kiyaye addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. A nuna mana ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da kayan maye ba sa ci.

Ya 'yan'uwa, wannan magana ba ta nesa ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka sani da rahoton 2018, ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekarar da aka bincika. Miliyan 10.6 masu shan wiwi ne, miliyan 4.6 masu shan irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 masu shan ruwan maganin tari. Ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu mace ce. A Jihar Kano kaɗai adadin ya haura miliyan ɗaya. A cikin irin wannan hali ne marigayi Gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi kira a 2019 da a yarje noman wiwi domin magani da kuɗin shiga, aka kuma gabatar da ƙudurori masu kama da haka a Majalisar Wakilai ta tara, ko da yake ba su zama doka ba, hukumar NDLEA ma ta nuna rashin amincewarta. Maganar ba ta mutu ba, kwanciya ta yi. Ranar da za ta tashi, za ta zo ne da tufafin magani da tattalin arziki, kuma tambayar da ta wajaba a yi ita ce: ƙasar da ta kasa tsare kwalbar kodin tsakanin masana'anta da kantin magani, da me za ta tsare gonar wiwi?

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantunmu na Islamiyya da su sanya darasin auna hujja a cikin manhajar manyan azuzuwa, a ciro shi daga babin ƙiyasi da ladubban munazara, a riƙa ba ɗalibai gajerun maganganu irin wadda muka kawo a sama su nemo da'awa da dalili da ɓoyayyar muƙaddima. Muna kira ga kwamitocin wa'azi da kada su bar mai wa'azi ya faɗi adadi sai ya san tushensa, kamar yadda ba a barinsa ya kawo hadisi sai ya san ingancinsa. Muna kira ga iyaye da su saurari shubuhar da ɗansu ya ɗauko a waje su amsa masa da dalili, domin tsawa tana rufe baki ne kawai, shubuhar kuwa tana nan kwance a ƙirji. Muna kira ga mawadatanmu da su taimaka a kafa wuraren jinyar waɗanda suka kamu, ƙarƙashin kulawar likitoci da malamai, ba tare da mari ko duka ba. Muna kuma kira ga wakilanmu a majalisu da su tambayi duk mai kawo ƙudurin halattawa: wace ma'ana kake nufi daga cikin ukun nan, wa zai sayar, wa zai tsare, wa kuma zai biya kuɗin jinya? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗalibin da ya kuskure wannan tambaya a Amurka maki ɗaya ya rasa, yana kuma iya sake zama. Al'ummar da ta kuskure ta a majalisa, da hankulan 'ya'yanta za ta biya.

Muna roƙon Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tona mana asirin ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya shiryi matasanmu, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba da wannan bala'i, Ya kuma yi riƙo da hannun shugabanninmu zuwa ga abin da Yake so. Amin.